Ina ruwanka yake zuwa? Yadda ake neman izinin zubar da ruwan ma'aikata a Saudiyya

Wani ƙanina ɗan unguwar Shara Mansur a Makka ya samu aiki a wata masana'antar sarrafa abinci a Jidda, sati biyu da farawa mudir, wato manaja, ya kira shi ofis ya ɗora masa fayil ɗin muhalli a ka, wai tunda kimiyya ya karanta ai zai iya. Cikin dare ya bugo min yana cewa Yaya wallahi ban san ta inda zan kama ba, takardu ne tuli guda, rabi da Larabcin doka rabi da Turanci, ga shi an ce tasrihin kamfanin, wato takardar izininsu ta muhalli, ya kusa ƙarewa. Nace masa ajiye takardun nan tukuna ka yi barcinka, gobe da safe ka sa takalmin aiki ka bi ruwan ma'aikatarku da ƙafa, daga inda yake shigowa har inda yake fita daga katanga, in ka dawo sai mu yi maganar takarda. Abin da na faɗa masa a 'yan kwanakin nan shi nake so in rubuta a nan, saboda na lura yaranmu da yawa yanzu, maza da mata, na Makka da Jidda da Madina, suna shiga wannan layi na kula da muhalli a kamfanoni, kuma kusan kowa a wuri ɗaya yake tuntuɓe.

A Hausa in aka ce maka ina ruwanka, ana nufin ka cire bakinka daga maganar. Toh a wannan aikin ita ce tambayar farko da ta ƙarshe, kuma ita sufeto zai yi maka in ya zo: ina ruwanka, ina yake zuwa? Domin inda bututunka ya ƙare shi ke nuna hukumar da za ka nema, da irin takardar da za a ba ka, da ma'aunin da za a auna ka da shi. Mutane suna ɗauka izini ɗaya ne, ka karɓa ka liƙa a bango shikenan. Ba haka bane.

In ruwanka yana shiga babban bututun gari ne, wato shabakar sarfi sihhi, to mai bututun shi ne Kamfanin Ruwa na Ƙasa, Sharikatul Miyah Alwaɗaniyya, wanda aka kafa a 2008, da su za ka yi maganar haɗa layi da sharuɗɗan abin da suka yarda ya shiga bututunsu, don bututun nan an yi shi ne don ruwan banɗaki da na kicin, ba don asid ko baƙin mai ba. In kuma kana cikin unguwannin masana'antu na Modon, hukumar da ke kula da biranen masana'antu, kamar Sina'iyya ta ɗaya ko ta biyu ko ta uku a Jidda, akwai nasu sharuɗɗan a cikin kwantiragin da kamfani ya sa wa hannu, ka nemo shi ka karanta, galibi yana can ofishin kuɗi babu wanda ya taɓa buɗe shafin da ya shafi ruwa. In Jubail ne ko Yanbu, wannan wata duniya ce daban, Hai'a Malakiyya, hukumar sarki mai kula da garuruwan biyu, wadda aka kafa tun 1975 tana da nata kundin dokokin muhalli da nata izinin gini da na aiki, kuma kamfanin Marafiq ne ke karɓar ruwan masana'antu ya tace, sai ka cika sharaɗinsu kafin ruwanka ya shiga layinsu. In kuwa ruwan zai fita fili ne, ko kwari, ko teku, ko a yi ban ruwa da shi, to ka shigo babbar magana, nan ne dokar kare ruwa daga gurɓata take hawa kanka kai tsaye. Sai na biyar, wanda shi yafi yawa a ƙananan wurare: bayyara, wato ramin tara dagwalo, a bayan gini, wayit, wato motar tanka, ya zo ya zuƙe ya tafi. Wannan zan dawo kansa don nan ne aka fi cin mutane.

Kafin nan bari in ɗan warware maka sunayen hukumomi, don tsofaffin ma'aikata za su rikita ka. Har gobe za ka ji wani dattijon injiniya yana cewa "takardar Arsad", saboda da can hukumar hasashen yanayi da kare muhalli ce ke ba da izinin, ƙarƙashin tsohuwar dokar 2001. Yanzu an wuce nan. Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma ita ce uwa tun 2016, a 2019 aka yanke shawarar kafa cibiyoyi a ƙarƙashinta, wadda ta shafe ka kai tsaye ita ce cibiyar sa ido kan bin dokokin muhalli, mu dai Iltizam kawai muke ce mata, a takardun Turanci za ka ga NCEC. Ita ke ba da tasrihin muhalli, ita ke turo masu duba. Akwai kuma Mawan, cibiyar kula da shara, wadda za ka haɗu da ita a maganar laka da baƙin mai da duk wani datti mai haɗari da za a ɗauka a mota. Sabuwar dokar muhalli, Nizamul Bi'a, ta fito ne da umarnin sarki mai lamba M/165 a shekarar 1441, wato 2020, ta fara aiki a farkon 2021, a 2020 ɗin ne kuma dokar ruwa mai lamba M/159 ta fito. Dokar kanta gajeriya ce, naman yana cikin la'ihohin da suka biyo bayanta, wato ƙa'idojin aiwatar da ita, biyu daga ciki dole su zama a wayarka: ta izinin kafawa da gudanar da ayyuka, da ta kare ruwaye daga gurɓata. Ka karanta na Larabcin, fassarar Turanci don taimako ce kawai, in gardama ta tashi na Larabcin ake buɗewa.

Kar ka ɗauka wasa ne. Dokar ta ce wanda ya zubar da ruwan dagwalo ko wani ruwa da ba a tace ba a cikin rijiyoyin ƙarƙashin ƙasa ko a wani muhalli, hukuncinsa zai iya kaiwa ɗaurin shekara 10 da tarar riyal miliyan 30, ko ɗaya daga ciki, kuma irin wannan laifin ba tarar ofis bace, gaban Niyaba, masu gabatar da ƙara, ake zuwa. Ga kuma dakarun Amnul Bi'i, wato jami'an tsaron muhalli, na ma'aikatar cikin gida da suke sintiri a bayan gari, in kana bin sanarwarsu za ka ga kullum sai sun kama wani yana wanke motar kankare a fili, su rubuta cewa tarar gurɓata ƙasa tana kaiwa riyal miliyan 10. Mu kuma da yawanmu da iƙama, takardar zaman baƙi, muke zaune, ka san yadda abin yake, mai kamfani yana da lauya, kai da direba sai Allah.

Toh mu koma tafiyar ƙafa. Ka ɗauki farar takarda da biro da fenti ɗan gwangwani, ka nemi ma'aikacin da yafi kowa daɗewa a wurin, ba injiniya ba, mai gyaran famfo ko mai shara, ka saya masa shayi ku zagaya tare, shi ya san bututun da aka binne shekara goma da suka wuce wanda babu shi a zane. Duk murfin kwata ku ɗaga, ka sa masa lamba da fenti, ka rubuta abin da ke bi ta ciki da inda ya nufa. In kun rasa gane inda wani layi ya bi, akwai kalar gwaji da ake zubawa a ruwa, ka zuba a nan ka je can ka jira ka ga ta inda za ta ɓullo. Abin da kake so a ƙarshe shi ne ka raba ruwan gida-gida: na banɗaki da kicin daban, na wanke injina da daɓe daban, na sanyaya injina daban, ragowar ruwan gishiri da injin tace ruwa na RO ke fitarwa daban, na sama daban. Mutane suna raina ruwan RO ɗin nan don a ido garau yake kamar ka sha, alhali gishirin cikinsa ya ninka na ruwan da ya shiga, in ka yi ta zuba shi a gindin bishiya wata uku ta bushe, in ka tura shi cikin matatar ma'aikata da yawa ya dagula ƙwayoyin da ke cin dattin.

Layin ruwan sama kuwa, shi ne wanda ake mantawa saboda a Jidda sai a shekara ba a yi ruwan kirki ba, sai ma'aikata su mai da shi wurin zubar da ruwan mofa da na wanke durom. Duk wanda yake garin nan ranar 25 ga Nuwamba 2009 ba sai an yi masa bayanin ruwan sama ba, mutum sama da ɗari suka rasu, Allah ya jiƙansu, kuma a kwanakin nan abin da ya hana mutanen gabashin gari barci shi ne tsoron kar tafkin nan da ake wa ba'a da suna Buhairatul Misk ya ɓalle, tafkin da wayit-wayit suka shekara da shekaru suna juye dagwalon gari a ciki, sai a 2010 aka ƙafar da shi. Ni dai daga nan na daina ganin wannan aikin a matsayin cika takarda. Wanda ya taso a Kano kuma ya san warin Jakara da abin da ruwan majemun Challawa da Sharaɗa ya yi wa kogi, ba sai na ja ba.

In ka gama zane sai lissafi. Ka karɓo bil ɗin ruwa na wata goma sha biyu da rasit ɗin duk tankar ruwa mai kyau da aka sayo, ka fitar da abin da ke shigowa a rana, sannan ka bi sawunsa: nawa ya shiga cikin kayan da ake sarrafawa, nawa ya tashi a tururi, nawa ya fita a dagwalo. In kubik mita 300 ke shigowa a rana amma rasit ɗin wayit da mitar fita sun nuna 100 kawai, kuma ba lemo kuke ɗurawa a kwalba ba, to saura yana wani wuri, ko bayyara tana yoyo cikin ƙasa ko akwai bututun da ba ka gani ba, kuma mai duba da ya san aikinsa wannan lissafin zai fara yi a gabanka da kalkuletar wayarsa. Wani lissafin da ya kamata ya zauna maka a ka shi ne na nauyin datti, ka ninka yawan ruwa da ƙarfin dattin, misali kubik mita 200 a rana mai BOD miligiram 500 a kowace lita ya ba ka kilo 100 na datti kullum. Wannan lambar ita mai zana matata yake buƙata, ba "ruwanmu ba shi da datti sosai" ba.

Tunda na ambaci BOD bari in faɗe shi da Hausa. Awo ne na yawan iskar shaƙa da ƙwayoyin halitta za su cinye kafin su narkar da dattin cikin ruwa, ana ajiye samfur kwana biyar a sanyin digiri 20 sannan a auna. COD ɗan'uwansa ne amma da sinadari ake ƙona dattin, awa biyu ya fito, kuma kullum yafi BOD yawa, in ka ga sakamako ya zo BOD ya fi COD to ka mayar wa lab takardarsu, kuskure ne. TSS shi ne gari-garin da ke yawo a ruwa, TDS gishirin da ya narke, pH kuma tsami ko kanwa-kanwar ruwan, galibi tsakanin 6 da 9 ake so. Sai maiƙo, sai ammoniya, sai ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyam ga masu fenti da jima da wankin ƙarfe. Ruwan banɗakin gida BOD ɗinsa yana kai wa 200 zuwa 300, na mayanka ko na madara kuwa dubbai ne, shi yasa a mayanka abu na farko shi ne a tare jini a mazubi daban kar ya bi kwata, jini kaɗan ya isa ya kifar da matata guda.

Lambobin da aka yarda ka kai kuwa, dan Allah kar ka karɓe su daga bakin kowa, har ni. Suna cikin jadawalin la'iha da cikin sharuɗɗan da aka rubuta a bayan tasrihinka, kuma sun bambanta gwargwadon inda ruwan zai faɗa, na bututun gari daban, na teku daban. Waɗanda kowa ya haddace su ne na ban ruwa, tun dokar sake amfani da tataccen ruwa ta shekarar 2000: wanda aka yi wa tacewa hawa uku BOD 10 da TSS 10, shi ake ban ruwa da shi ba ƙaidi, mai hawa biyu kuma 40 da 40, shi kuma an taƙaita irin shukar da za a ba. Ko su ma ka duba takardar da ke hannunka ka tabbatar. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai, ranar da sakamako ya haura, akwai wanda zai ba ka shawara a saki ruwan famfo cikin tankin ƙarshe don lambar ta sauka. Kar ka yarda. Dattin yana nan kilo ɗinsa bai ragu ba, mitar ruwa za ta tona ku, kuma daga matsalar inji kun koma maganar yaudara.

Yanzu neman takardar kanta. Komai ta intanet ake yi a shafin Iltizam, ana shiga da Nafaz, manhajar gwamnati ta tantance mutum, na wanda kamfani ya wakilta, don haka ka fara tabbatarwa wakilcin nan yana raye, na sha ganin an ɓata sati uku saboda wanda ke riƙe da akawun ya bar aiki ya koma ƙasarsu. Matakin farko shi ne tasnif, wato a sa aikinku a rukuni, rukuni uku ne, na ɗaya mai ƙaramin tasiri, na biyu matsakaici, na uku manyan ayyuka masu babban tasiri. Na ɗaya takardunsa da sauƙi, na biyu da na uku sai an yi nazarin tasirin muhalli, na uku ma sai an fara amincewa da iyakar abin da nazarin zai taɓo. Izinin gini daban, izinin fara aiki daban, mai sabon wuri ya nemi na farko kafin ya haƙa ko rami ɗaya. Ka haɗa sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, da takardar fili ko ta haya, da lasisin masana'anta ko na baladiyya, wato hukumar gari, da lambobin wurin a taswira, da zanen wurin, da bayanin yadda ake sarrafa kaya, da takardun sinadaran da kuke amfani da su. Ka lura aikin da aka rubuta a sijil ya dace da abin da ake yi a zahiri, in sijil ya ce ajiyar kaya ne kawai ku kuma kuna wanke durom ɗin sinadari a bayan sito, za a samu matsala. Kuɗin kuma ta Sadad, tsarin biyan kuɗi ta banki, ake biya.

Nazarin ba kai za ka rubuta ba, sai ofishin masu ba da shawara da ke da lasisin Iltizam, ka nemi kwafin lasisinsu ka duba ranar ƙarewarsa da rukunin da aka yarda su yi. Amma nan ne nake faɗa da mutane, don kawai ka biya ofis ba shi ne za ka naɗe hannu ba. Wasu ofisoshin kwafe suke yi daga aikin wani kamfani su canza suna, na taɓa karanta rahoton da aka kawo mana na wurin da ba ya ko kusa da teku, sai ga babi guda a kan kare murjani. Ka karanta shi shafi-shafi, musamman inda aka rubuta alƙawura, za mu auna kaza duk wata, za mu gina kaza cikin wata shida, domin duk abin da aka rubuta a nan ya zama bashi a wuyanku, ranar dubawa shi za a buɗe a ce ina wannan. In an rubuta abin da kun san ba za ku iya ba, a gyara tun kafin a tura. In kuma Iltizam suka dawo da tambayoyi, a amsa cikin wa'adin da suka bayar, kowace tambaya da amsarta da lambar shafi, ban da dogon Larabci.

Ɗaukar samfur, nan zan ɗan daɗe don nan na sha kunya. Wata rana, a wani kamfani da ba sai na faɗi sunansa ba, na ɗebi ruwa a robar ruwan sha ranar Alhamis da la'asar na jefa a but ɗin mota, na manta Juma'a da Asabar hutu ne, sai Lahadi na kai lab. Mutumin ya buɗe robar ya kalle ni yace ya akhi wannan ai miya ka kawo min. Kuɗin gwaji ya tafi a banza, rahoton wata ya makara, mudir ya wanke ni tas. Daga ranar na koyi cewa samfurin BOD a cikin kula da ƙanƙara ake ɗaukarsa, sanyinsa kar ya haura digiri 6, kuma a fara aikinsa cikin awa 48. pH da zafi da kulorin a bakin bututu ake auna su nan take, ba a kai su ko'ina. Na maiƙo a kwalbar gilas, don maiƙon yana manne wa roba, kuma ba a ɗauraye kwalbar da ruwan. Na ƙarafa ana ɗiga masa asid. Na ƙwayoyin cuta a kwalbar da lab ta tsabtace ta rufe, kuma a ranar ake kai shi cikin 'yan awoyi. Lab ɗin ma ya zama wanda aka amince da shi, mai shaidar ISO 17025, ka duba cewa gwajin da kake so yana cikin abin da shaidar tasu ta ƙunsa, don wani lab an amince masa a ruwan sha ne kawai. A jikin kowace kwalba ka rubuta wuri da rana da lokaci da sunan wanda ya ɗiba, a kuma cike takardar miƙa hannu, wa ya ba wa, ƙarfe nawa. Mafi sauƙi dai ka sa ranar ɗiba ta zama Lahadi ko Litinin da safe.

Sannan ɗiba iri biyu ce, akwai ta lokaci ɗaya akwai ta haɗin awa 24, ka duba wadda tasrihinka ya ce. Kuma ka ɗiba lokacin da ake aiki da gaske. Kowa ya san in aka ɗebi ruwa da asuba kafin a kunna injina zai fito fes, amma me ka ƙaru da shi, mai duba ba zai tambaye ka lokacin da ya dace ya zo ba, zai iya faɗowa daidai lokacin da ake wanke layi da soda ruwan ya koma fari kamar nono. Ni nafi son in san mafi munin lambata da kaina. Wurin ɗibar ma ka gyara shi, murfi mai buɗuwa, alama a jiki, ba sai an kira mutum huɗu da ƙarfe ba.

Mu dawo kan wayit. Mai gidan abinci, mai magsala wato wurin wanki, mai ƙaramin wurin gyaran mota, duk sun ɗauka in tanka ta zuƙe ta fita ƙofa magana ta ƙare. Ina! Ka yi kwantiragi da kamfani mai lasisi, ka ajiye kwafin lasisin, kowace tafiya ka rubuta lambar mota da rana da yawan abin da ta ɗauka, sannan ka dage sai an kawo maka shaidar wurin da aka juye, daga matatar da aka amince. Wata rana ka shiga motarka ka bi bayan tankar ba tare da ka faɗa ba. Na taɓa yi, direban ya baro hanyar matata ya nufi wani kwari bayan gari, da na tare shi sai ya ce layi ya yi tsawo ne kuma tafiya ake biyansa ba awa ba, na tausaya masa wallahi amma a ranar muka soke kwantiragin. In farashin wani ya yi araha fiye da na kowa, ka tambayi kanka a ina yake rage kuɗin. Kuma ruwan masana'anta mai sinadari ko mai ba a haɗa shi da na banɗaki a tanka ɗaya, wannan na masu lasisin Mawan ne, da takardar rakiya, haka lakar da matata ke fitarwa da baƙin mai. Mai gidan abinci ya sa tarkon maiƙo a layin kicin kuma a riƙa kwashe shi, ba a sa shi don baladiyya ta gani kawai ba, mai wankin mota ya sa ramin da ke tare yashi da mai raba mai da ruwa.

Ranar da abu ya ɓaci, kuma wata rana sai ya ɓaci, famfo ya ƙone ko tanki ya fashe, abu na farko ka tsayar da zubar, ka toshe hanyar da za ta kai shi waje, ka ɗau hoto, ka rubuta lokaci, ka sanar da mudir a rubuce ba da baki ba, sannan a sanar da hukuma yadda tasrihi ya tanada, Iltizam suna da lambar kai rahoto 988. Gara su ji daga bakinku da su ji daga maƙwabci mai waya a hannu. In masu duba sun zo kuma, ka karɓe su da mutunci, ka nemi ganin katinsu, ka raka su duk inda suka nufa, in sun ɗebi samfur kai ma ka ɗebi naka a wurin a lokacin, abin da ba ka sani ba kace zan duba in kawo, kar ka ƙirƙiro amsa. Ka karanta mahadar, wato rahoton da suka rubuta, kafin ka sa hannu, in akwai abin da ba ka yarda da shi ba ka rubuta a jiki, akwai hanyar ƙorafi kuma tana da wa'adi. Fayil ɗaya ya ishe ka, tasrihi a gaba, sai sakamakon lab wata-wata, sai karatun mita, sai rasit ɗin wayit, sai tarihin gyaran matata, ka kuma ɗauki hoton komai ka ajiye a wani wuri don takarda ɓata take yi. Ranar ƙarewar tasrihi ka duba da kyau ko ta Hijira ce ko ta Miladiyya, shekarar Hijira ta gaza da kusan kwana goma sha ɗaya, ka sa ƙararrawa a waya wata huɗu kafin lokacin. In an ƙaro sabon layi ko an canza sinadari ko ruwa ya ƙaru sosai, wannan ma sai an koma an gyara izini, ba a jiran sabuntawa.

Shi ƙanin nawa, kwana uku yana zagaye da wani dattijo mai gyaran famfo, jiya ya turo min hoton wani bututu mai inci huɗu da ya fito daga ɗakin wanke kwanduna ya faɗa layin ruwan sama, babu shi a zane, babu shi a tsohon rahoto, dattijon yace tun zamanin mudir na biyu aka sa shi wai na wucin gadi. Nace masa a toshe shi yau da siminti a juya ruwan zuwa matata, ya rubuta wa mudir da hoto, ya kuma gaya wa ofishin da ke shirya musu takardu su ƙara wannan ruwan cikin lissafi kafin su tura, don matatar tasu ma sai an duba ko za ta iya ɗaukar ƙarin. Lahadi da safe zai ɗebi samfurinsa na farko, na ba shi aron kulata.